Kwanon Asabe da Agwagin Zainaba

Idan ana zancen girkin Sallah a unguwarsu ta wajen kogi a Haɗeja, sunan Zainaba matar Malam Shu'ibu ake fara kira. Ita ma ta san da haka, shi ya sa take tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. A ba ta haƙƙinta, ta iya girki. Ranar ƙaramar Sallah, kafin maza su sauko daga idi ta gama tuƙa tuwon shinkafa, shinkafar fadamar mijinta, fari tas, ta kwashe a malmala. Miyar taushenta kuwa ta sha kabewa da gyaɗa da ƙashi, mai na yawo a samanta. Ga funkaso na sabuwar alkama, ga waina mai laushi. Da babbar Sallah sai soyen nama da dambunsa da farfesun kai da ƙafa. Kwanuka su yi ta fita gida-gida, ita kuma ta zauna a tsakar gida tana jiran yabo.

Aibinta shi ne ba ta cin abincin kowa. Nata ya shiga kowane gida, na mutane kuwa iyakarsa bakin ƙofar ɗakin girkinta. Ta buɗe murfi, ta yatsine fuska, ta rufe. Wannan miyar ta yi tsululu, wancan tuwon da gudaji, waccan matar ai ba ta yanke farce. Kai ka ce a cikin kwalba aka raine ta.

Alhali kowa ya san asalinta. 'Yar masunta ce daga wani ƙauye na bakin ruwa, uwarta bandar kifi take yi, a cikin hayaƙi da ƙarni Zainaba ta buɗe ido. Ranar da aka kawo ta gari tana amarya, wata gwaggon ango ta toshe hanci ta ce wa ya shigo da kifi ɗakin nan. Mata suka kwashe da dariya. Maganar ta yi wa Zainaba ciwo, wannan kam dole a tausaya mata. Sai dai maimakon ta koyi cewa wulaƙanci ba shi da daɗi, sai ta koyi toshe hanci. A garin kifi, inda yaro ma ya san bambancin tarwaɗa da karfasa, ta rantse kifi ba zai shiga tukunyar Sallarta ba, kuma bai shiga ba.

Matan unguwa suna gaishe ta da fatar baki, su karɓi kwanonta, su ce an gode, shi ke nan. Mutum ɗaya ce take shiga gidanta don ita kanta, wato Asabe uwar Debora, matar Malam Elisha, malamin sakandare, mutanen Kudancin Kaduna da aiki ya kawo su Haɗeja tun suna sabon aure. Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, ita ma tun shekarar da ruwa ya ci unguwar ta zube, da aka tashi gyara sai aka tsayar da ita iya ƙirji. Asabe ce ta riƙe Zainaba ranar da naƙudar ɗanta Usman ta zo da gardama. Asabe ce ke shigowa ranar Sallah ba ta jira kwano ba, ta ja kujera 'yar tsugunne, ta wanke hannu, ta ci tuwo har ta siɗe yatsu, ta ce, "Maman Usman, wannan hannun naki Allah ya bar miki shi." Duk yabon da ake aiko wa Zainaba daga gidaje, wannan ne kaɗai take gani da idonta, shi ne kuma yake sa ta barci mai daɗi. Ba ta da wata ƙawa a duniya bayan Asabe, ko da yake girman kai ba zai bar ta ta faɗa ba.

To, Asabe ma tana da ranar girkinta. Duk Kirsimeti da safe Malam Elisha yakan yi sallama da Malam Shu'ibu, shi kuma ya zo da wuƙarsa, ya fuskantar da akuya alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, don kada maƙwabci ko ɗaya ya ji ɗar. Daga nan sai ƙamshi ya cika layin. Dafa-duka ja-jawur da ta ji tumatir da attaruhu, naman akuya soyayye a kai, farfesun kayan ciki, cincin, da gwaten acca irin na garinsu. Har gidan liman ake kai wa, kuma ana cinyewa. Na Zainaba kuwa a wani shuɗin kwanon samira mai murfi ake zubawa, Asabe ta miƙo ta katanga tana murmushi. Da sabuwar shekara ma haka, da Ista, da duk ranar da Asabe ta yi wani girki na marmari.

Zainaba takan karɓa da hannu biyu, baki har kunne. "Kai, Maman Debora, har da wahala haka? Allah ya maimaita mana." Sai ta dakata har ta ji Asabe ta koma wajen baƙinta, ta zagaya bayan ɗakin girki, ta juye wa agwaginta.

Kada wani ya ɗora wa addini wannan laifi, addini ba ruwansa. Mijinta ne ya yanka, ta sani sarai. Shi kansa a zauren Malam Elisha yake cin nasa ya sha zoɓo, ya dawo yana gyatsa. Ya sha yi mata magana.

"Zainaba, ki ji tsoron Allah. Da hannuna fa na yanka akuyar nan."

"Malam, yanka daban, hannun mai girki daban."

"To, kifi na ganinka, mai jar koma," ya ce, ya ɗauki fartanyarsa ya yi fadama.

Ita dai ta wanke kwano fes, kuma tunda ba a mayar da kwano wayam, sai ta jera ƙwan agwagwa a ciki ta miƙa ta katanga, ta haɗa da ƙarya mai ɗumi. "Gishiri ya ji daidai, naman nan kamar auduga." Wato abincin Asabe ne yake komawa wurinta a cikin ɓawo. Haka aka yi ta yi har furfura ta fito musu su biyun, Zainaba na ganin ta fi kowa wayo a Haɗeja.

Sai ga shekarar da Malam Elisha ya yi ritaya. Suka tsayar da shawara da an ga sabuwar shekara za su kwashe su koma gida. Tun da Zainaba ta ji labarin ta rasa sukuni, don ta san in Asabe ta tafi kujerar nan ta tsakar gida ba mai sake zama a kanta.

Ranar Kirsimeti da azahar tana tsaye tana jiran kwano ta katanga, sai ta ji sallama ta ƙofa. Asabe ce cikin sabuwar atamfa, shuɗin kwano a hannu, da cokali biyu.

"Maman Usman, yau kam ba ta katanga ba. Shekara da shekaru ina cin naki a gabanki, ban taɓa ganin nawa ya shiga bakinki ba. Wannan ne na ƙarshe. Zo mu ci tare."

Loma ɗaya ake nema a wurin Zainaba. Loma ɗaya tak, da komai ya wuce. Ƙamshin ma ya daki hancinta har yawunta ya tsinke. Amma halin da aka shekara ana ban-ruwa ba ya mutuwa rana ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ayya, Maman Debora, da kin faɗa mini tun jiya. Azumi nake, ramuwa. Ajiye mini, in an sha ruwa na ci."

Tana faɗa, jan goron da ta tauna da hantsi na nan raɗau a haƙoranta. Asabe ta dubi bakin, ta dubi kwanon da ke hannunta.

Agwagi ne suka yi maganar. Agwagwa ba ta san Kirsimeti ba, amma ta san kwanonta. Suna hango shuɗin samira suka taso daga bakin rariya, manya da ƙanana, suna rangaji suna huci, suka kewaye Asabe, suna miƙa wuya, wani ƙaton toro har yana cafkar gefen zanenta. Zainaba ta hau kora da tsintsiya, "Kur! Kur! Yau me ya same su?" Suka ƙi ko gezau.

"Bar su," in ji Asabe a hankali. "Su ba sa azumi."

Ta wuce Zainaba, ta nufi bayan ɗakin girki ba tare da an nuna mata hanya ba, agwagi na bin ta a baya. Ta tsaya daidai inda ƙasa ta yi baƙi da maiƙon shekaru, ta buɗe murfi, ta juye dafa-dukar da naman duka.

"Tun shekarar da katangar nan ta faɗi nake ganinsu suna shigo mini ta rariya, baki ja-jawur da man tumatirina. Na ce wa Baban Debora ya yi shiru, wata rana za ki gaji. Ashe ni zan gaji." Ta dubi agwagin suna wawaso, ta ce, "Ku ci, maƙwabta. Ku kam ba ku taɓa yi mini ƙarya ba."

Kunya ta rufe Zainaba, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Matar da bakinta bai taɓa rasa abin kushewa ba, ranar nan abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Kawo kwanon in wanke, in sa miki ƙwai."

"Bar shi, Maman Usman. Ƙwan da na ci ya ishe ni."

Ta rufe kwanonta da maiƙonsa, ta ɗauki cokulan nan biyu, ta fita.

Ranar da motar kaya ta zo, Asabe ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya tana sallama, mata na kuka. Ta durƙusa ta yi wa Malam Shu'ibu godiyar yankan shekaru. Zainaba kuwa ta katanga aka ce mata sai wata rana. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ba mai rarrashi, don wadda ta saba rarrashinta ita ce a cikin motar.

Da Sallah ta zagayo Zainaba ta yi girkinta kamar kullum, har ma ya fi na kullum. Kwanuka suka fita, kwanuka suka dawo a wanke fes, da dabino ko goro a ciki, da saƙon an gode, gishiri ya ji daidai. Da ta ji kalmar sai gabanta ya faɗi, don ta san yadda ake ƙera irinta. Kujerar tsakar gida na nan ba kowa a kai. Da la'asar aka ga Zainaba ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida, abin da ba ta saba ba, ta tsaya tana bin agwagin maƙwabta da kallo, tana duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya.