Lebona Mai Yashin Taram

Mokhethi Lebona ya zo Johannesburg ne don aikin haƙar zinariya, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce a'a. Sai ya samu shiga garejin taram, jiragen nan masu bin dogo a tsakiyar titi, aka ba shi yashi.

Shekara ashirin da uku yana soya yashi a kan farantin ƙarfe, ya tankaɗe, ya ɗura a akwatunan da ke ƙarƙashin kujeru. In an yi ruwa dogo ya yi santsi, direba ya taka feda, yashi ya zubo gaban ƙafa, birki ya kama. Ɗanyen yashi toshe bututu yake yi. Na Lebona bai taɓa toshewa ba, shi ya sa ma direbobi da yawa ba su san sunansa ba.

Da aka daina taram, sai bas mai ƙaho ya rage, mai jan wutar lantarki daga wayar sama da dogayen sanduna, shi kuma tayar roba gare shi, ba ruwansa da yashi. Wanda kuwa ba shi da aiki, ba a sa masa hannu a fas, takardar izinin zama, ba, kwana uku ake ba shi ya bar gari. Heluma Viljoen ya ce akwai gurbi ɗaya, na mai ɗora ƙaho a waya da gora. Lebona ya zo a gwada shi.

Lebona ya ɗaga gorar. Ya ɗora ƙaho ɗaya, ya ja baya ya tsaya. Haka ya ga ana yi wa taram duk tsawon zamansa.

Zwane mai wankin mota ya tuntsire da dariya. "Tsoho, saniyar taka ƙaho ɗaya gare ta?"

"Ka gama ke nan?" in ji Viljoen.

"Na gama, maigida. Wuta ta sauko ta waya, ta koma gida ta dogo."

"To, ina dogon?"

Lebona ya dubi ƙasa. Kwalta ce shimfiɗe. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki gorar ya ɗora na biyun. Fitilun bas suka kama.

Viljoen ya karɓi fas ɗin, ya juya shi gaba da baya. "Wata ɗaya," ya ce, ya sa hannu. Wata na gaba ma ya sa. Haka suka yi ta yi har shekara tara, sannan Lebona ya koma garinsu Mafeteng don kansa.