Motar da Ke Gaida Inna

Yayana Lameki bai yarda akwai aikin da hannun wani zai iya nasa ya kasa ba. Shi yake yi wa kansa aski, kuma ana gani. Duk Zomba an san shi da abu biyu: busasshen kifin da yake sayarwa a kasuwa, da tsohuwar motarsa mai ihu. In ya gangaro daga gidansa na kan tudu ya taka birki a kwanar gidanmu, sai ka rantse ɗan alade aka kama.

Ni nake zaune da Innarmu, wadda idonta ya daɗe da rufewa. Wannan ihun take jira kowace safiya. Da ta ji sai ta ce, "Yawwa, ɗana ya kwana lafiya," sannan ta karɓi kununta. Shi kuwa ba ya tsayawa, wai kifi ba ya jira. Busasshen kifi fa! Abin yana ƙona mini rai, amma Inna ta ce ihun ya ishe ta.

Matarsa Esinati ce ta gaji. Ta ce, "Maigida, ko ka gyara abin nan, ko in koma zuwa coci a ƙasa. Mun fi ƙararrawa tara jama'a."

Ranar Asabar ya sayo takalman birki na gaba. Da ta ambaci bakanike sai ya ce, "Shi bakaniken kai biyu gare shi?" A gindin mangwaro ya tokare tayoyin baya da duwatsu, ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya kwance notuna, ya zaro tsofaffin. Sun siɗe kamar ƙarshen sabulu. Ya sa sababbi, ya ɗaure, yana fito. Sai dai ya manta ana tattaka birki ya yi tauri kafin a ja mota. Tana motsawa ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ta tafi salun-alun ta rungumi ayabar Esinati. Ya leƙo ta taga ya ce gwaji yake yi.

Ranar Litinin ya wuce ta ƙofarmu shiru. Inna ta ƙi kunu. Na ce ya wuce, da idona na gan shi.

Ta ce, "Ke kika gani, ni ban ji ba. Ki faɗa mini gaskiya, me ya sami ɗana?"

Na yi bayanin birki har bakina ya bushe, a banza. Na aika masa ya leƙo, ya ce sai ƙarshen mako.

Washegari ina bayan gida ina wanki, ashe tsohuwar nan ta lalubi katanga ta fita, ta karyo rassan ɗanyen ganye ta shimfiɗa a titi. A wajenmu kuwa ba a sa ganye a titi sai ƙofar gidan da aka yi rasuwa.

Sai na ji an banko ƙofa. Lameki ne, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kuka wiwi yana kiran Inna. Ga ta zaune kan tabarma, ta miƙe ƙafa.

"Inna! Wa ya rasu?"

"Kai mana. Ɗan da ba a jin motsinsa ai ya tafi. Matso in ji."

Ya durƙusa. Ta shafa fuskarsa a hankali, har ta kai ga askin, ta yi tsaki. Ni dariya nake yi, amma hawaye ne ke zuba.

Ta ce, "Sabon birkin yana ci kuwa?"

"Yana ci, Inna."

"To, ashe motar taka ta iya tsayawa a ƙofata. Miƙo mini kunun nan."