Abdullahi Mai Igiya da Dutsenmu

Shekarar da ruwa ya cika kasuwar Misfala a nan Makka, tun ba a fara zancen rushe unguwarmu ta kan dutse ba, ƙanwata Abu ta auro mana Bature. Ɗan Faransa ne, ya musulunta ya zama Abdullahi, mu kuwa muka sa masa Mai Igiya. Kun san shi ai. Gida da ƙofa, amma sai ta katanga zai hau soro, igiya a ƙugu, wai kada ƙafa ta manta aikinta.

Sana'arsa fa? Hawa dutse da ɗaukar fim. Ya nuna mini ƙafarsa, ƙanƙara ta cinye yatsu biyu. Na ce, "To me ka samo a can saman?"

"Iska, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari! Abu, ɗora tukunya, maigida ya kawo cefane."

Magana ɗaya ya dame ni da ita: in zauna gaban kamara in ba da labarin yadda iyayenmu suka tako daga Kano da ƙafa, suka ɗora gidan nan dutse bisa dutse. Na ce bakina ba na haya ba ne. Ya jira, don mutumin nan ko akuya zai ɗauka sai ya jira ta gama tunani.

Da aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau, na ga jikoki sai Larabci, ba mai riƙe labarin. Na ce, "Yalla, kawo abin naka." Na sha lalle, na zuba gwal, na feshe turare kamar kamarar tana da hanci. Na yi magana har muryata ta dushe.

Ranar kallo na tara maƙwabta. Jama'a! Dutse ne ya cika allo. Ni ga ni can ƙasa a lungu, kamar ƙuda a kan faranti.

"Ina gwal ɗina, Abdullahi?"

"Yaya, ke kina nan. Dutsen ne zai tafi."

Ya tafi kuwa, otal ne a wurin yanzu. Amma muryar da ke fim ɗin tawa ce, bai yanke ko tari ba, kuma jikokin har sun iya cewa "Kano".

Allah ya jiƙan Abdullahi, ya sa hawan ƙarshe ya zo masa da sauƙi. Mutanen dutsen nan saura ni, da Abu a unguwar Ka'akiyya, sai Hajiya Tabawa da ba ta ji.