Kitson Ranar Ganin Likita

Rufa-Rufa ake kiranta, kuma alfahari take yi da sunan. Mai kitso ce, a ɗan shagon da ke jikin bangon gidansu, tun muna 'yan mata. Hannu kam Allah ya ba ta. In goshinki ya cinye, za ta jawo gashi daga nan ta kwantar a can, ta ƙara da na kanti, ki fito kamar ba ke ba. Takenta ɗaya: "Kai ai rufin asiri yake so." Ni dai matar ba ta taɓa kwanta min ba. Matajinta ba ya ganin ruwa, daga wannan kai sai wancan, da maiƙo da amosani duk a jiki.

Auta 'yar yayana ce, shekararta goma sha uku. Tun da aka canza mata makaranta ta daina surutu, ta fara tsige gashinta. Tana zaune da littafi, hannu na can cikin kai, ba ta ma san tana yi ba. Sai da fili ya buɗe a tsakar kanta kamar tafin hannu. Uwarta ta kai ta shago. Rufa-Rufa ta leƙa ta ce makero ne, ta rufe. Fili ya ƙaru, ta sake rufewa. In hannun yarinyar ya tashi, ta ƙwala masa mataji.

Ni na yi ta zirga-zirga har aka ba mu rana a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Da safiyar ranar na je ɗaukarsu, sai na tarar da su a shago.

"Haba Gwaggo," in ji uwar, "a kai ta gaban likita da kai kamar na mahaukaciya?"

A ranar nan Rufa-Rufa ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Ta ja gashin har girar yarinyar ta ɗage, ko alamar fili babu. Abin da za mu nuna wa likita shi aka binne, an yi rufin ƙofa da ɓarawo.

A asibiti likitar ta yi tambaya kan barci, cin abinci, makaranta, ƙawaye. Kafin Auta ta buɗe baki uwar ta amsa, "Lafiya lau." Aka duba kai, kitso tsaf.

"Kin gani ko, likita? Gwaggonta ce da ƙarin gishiri."

Sai likitar ta ce mu ɗan ba su wuri. Da aka kira mu, gashin kanti na zube a kan tebur, Auta ta tsefe rabin kanta da hannunta, fili ga shi nan jajir. Likitar ta ce ciwo ne sananne, ba hauka ba, ba taurin kai ba, kuma damuwa na tayar da shi. Za ta riƙa zama da ita, ta koya mata abin da hannu zai yi in ya so tashi, a kuma je makarantar a ji abin da ake mata. Ban da duka, ban da jan gashi. Uwar ta sunkuyar da kai.

A hanyar gida dole mu bi ta gaban shago. Rufa-Rufa ta taso da mataji a hannu. Ba ta tambayi abin da likita ta ce ba.

"Wa ya tsefe min aiki?"

"Ni ce, Inna," in ji Auta, tana kallon Rufa-Rufa. "Ke ma ai kin san ba makero ba ne."

"Na sani mana, tun ranar farko. To sanin nawa ne zai fito da gashi? Zauna in rufe kafin mutane su gani."

Har ta jawo kujera da ƙafa. Uwar ce ta kama hannun 'yarta, muka wuce, kanta a buɗe, duk layin na kallo.