Fitilar da Kawu Labbo Ya Hana Mutane Shekara Uku

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Yawuri ya san ba ya yarda a karanta labarin ban tsoro sai rana ta take tsaka. Ƙarfe goma sha biyu cif, ƙarƙashin rumfar masu bandar kifi a bakin ruwa, ga hayaƙi, ga ƙuda, ga masu jirgi suna ta kiran fasinja. Nan yake zama sau ɗaya a shekara da jar dararsa da ƙaho a wuya, ya buɗe abin da ya raɗa wa suna Gasar Tsigar Jiki.

Yayan innata ne, tsohon malamin firamare. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina kwalejin horon malamai, yaron da in aka yi masa tambaya sai ya duba takalminsa. Shi ya sa yake ce mini Shiru.

Wata shekara wani saurayi daga Ngaski ya roƙe shi. "Malam, a bari duhu ya yi mana, labarina na dare ne."

"Na dare? Kai, yaro! Da dare ko akuya ta yi tari sai ka zubar da takalmi. Wannan aikin duhu ne, ba naka ba. Ka ba ni tsoro yanzu, ina ganin inuwata!"

Alƙalansa biyu ne, kuma babu wanda ya iya karatun boko a cikinsu. Ta farko Gwaggo Ige mai banda. Ba ta cewa komai, lanƙwasa kifinta kawai take yi tana soka tsinke. Kawu yana karatu yana satar kallon hannunta. In hannun ya tsaya, labari ya ci. In bai tsaya ba, ko ka kashe mutum ɗari a takarda, a banza. Na biyu Tanko matuƙin jirgi, shi ke duba ko marubuci ya yi wa ruwa ƙarya. Ya taɓa kayar da wani labari mai kyau saboda dodon ruwa mai kai bakwai ya fito a mashigin Shanga da rani.

"Wurin nan ruwa iya gwiwa ne," in ji Tanko. "Dodon kwance yake ko durƙushe?"

Tanko ne kuma ke yanke sunan marubuci da reza, tunda ba zai gane ba. Kawu ya rubuta sunan kifi a bayan guntun da kuma kan labarin, a jefa guntun cikin gwangwanin madara. Daga nan babu ɗan wane. Sai ka ji ana cewa Tarwaɗa ta fi Karfasa, Ragon Ruwa ya cika surutu.

Akwai shekarar da gardama ta tashi kan bambancin labarin al'ajabi da na ban tsoro. Kawu ya busa ƙaho ya yanke hukunci: "In aljani ya ba ka abu, al'ajabi ne. In ya karɓe maka, ban tsoro ne." Sai ga labarin da aljani ya ba wani manomi saniya, ya kuma ɗauke masa suruka. Kawu ya sosa ƙeya.

"Wannan kyauta biyu ya yi mishi. Al'ajabi!"

Kyautar na ɗaya fitilar ƙwai ce sabuwa fil. Hujjarsa ita ce wanda ya hana mutane barci ya kamata ya sami abin ganin hanya. Amma shekara uku a jere hannun Gwaggo bai tsaya ba, don haka shekara uku ba na ɗaya. Na biyu da na uku su karɓi littafin rubutu da fensir, fitila ta koma ɗakin Kawu. Da Inna ta ga tana ci a ɗakinsa ta ce, "Yaya, ba ta gasa ba ce?"

"Gwaji nike mata. Kina so in ba mutum fitilar da ban san halinta ba?"

Ni fa tun shekarar farko nake son shiga, kunya ta hana. Kuma na san halinsa, in ya gane ni ne, zai kayar da ni don kada a ce ya yi son kai. A shekara ta huɗu na daure. Mako uku ina koyon rubutu da hannun hagu, na kwafe labarin sau biyar, na jefa cikin akwatin da ake tara labaran gasa ranar da ya tafi kasuwar Shanga. Aka ba labarina suna Ƙawara.

Ranar gasa na tsaya can bayan tarin itace. Kawu ya ɗaga takardar ya yamutsa fuska. "Wannan kaza ce ta taka tawada? To, bismillah."

Labarin wani masunci ne da ke jefa komarsa ta kamun kifi da tsakar rana a saman wani tsohon ƙauye da tafkin Kainji ya haɗiye. Kullum sai ya ji ƙarar daka daga ƙarƙashin ruwa, tim, tim, tim. Ya saba har ya daina kula. Ran nan sai dakan ya tsaya. Sai muryar mace ta taso tana kiran yara su zo cin tuwo, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana amsawa. Sunan ƙarshe da ta kira nasa ne. Kuma ya ji an amsa.

Jama'a, rumfar nan ta yi tsit! Na leƙa. Kifi a hannun Gwaggo Ige na hagu, tsinke a na dama, ba su haɗu ba. Can ta ce a hankali, "Turmina na can ƙasa. Bakin ɗaki na bar shi, motar da ta zo kwashe mu ta cika."

Tanko ya gyaɗa kai. "Wurin daidai ne. Gaba da dutsen nan, zurfin ya kai."

Daidai nan wata mata a gidan baya ta saki taɓarya cikin turmi. Tim! Kawu Labbo, mai ganin inuwarsa, ya yi tsalle har dara ta faɗa cikin kwandon kifi.

"Ba tsoro na ji ba! Cinnaka ne!"

Ya busa ƙaho, ya zazzage gwangwani, ya juya guntun Ƙawara. Ya karanta. Ya goge tabarau ya sake karantawa.

"Shiru? Shirun gidanmu? Fito nan, munafuki! Ashe duk shirun nan mugunta kake dafawa!" Sai ya haɗe rai. "A'a. Ɗan ƙanwata ne. Mi za a ce? Bana ma ba na ɗaya."

Gwaggo ta ajiye tsinke.

"Labbo, wa ya ce a yanke sunaye?"

"Ni."

"Don mi?"

"Don kada a san ɗan wane."

"To ni Ƙawara na ji, ban ji ɗan ƙanwar kowa ba. Ba ta fitilarta, ko ka nemi wata rumfa baɗi."

Ya miƙo mini fitilar yana hararar gefe, lagwani ya ƙone rabi, ƙwan ya yi baƙi. Aka yi ta tafi, ni kuwa ina duban takalmina. Ba mu kai gida ba ya dafa kafaɗata.

"Shiru, ara mini fitilar nan kwana biyu. Akwai mai daka kusa da ɗakina."

Kwana biyun nan ba su ƙare ba har ya bar duniya, shekaru da yawa bayan haka. Da muka shiga kwashe kayansa, na sami fitilar a kan akwatinsa, an goge ta fes. A ƙarƙashinta ga labarina cikin leda, ya manne guntun sunana da ƙaro a inda reza ta yanke. A gefe, da jan biro irin na malamai, ya rubuta: "Rubutu mummuna. Sauran ba gyara."

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, mutumin nan ba ya son duhu. Ka haskaka masa kabarinsa. Amin.