Ranar da Na Tsayar da Injin Atamfar Jam'iyya

Har gobe ba zan manta da Larabar da na tsayar da inji ba. Da za a maimaita, abin da na yi shi zan sake yi.

Watana bakwai da fara aiki a wata masaƙa a Challawa, bayan na gama sakandare. Ni ce ƙarama a sashen duba kaya. Ga sababbin shigowa, tsarin shi ne: mai zane ya tsara hoto a kwamfuta, manaja ya sa hannu, a buga samfur, sannan a saki inji. Nawa aikin in tsaya inda yadi yake fitowa, in duba ko kala ta zuba ko layi ya karkace. Maɓallin tsayar da inji na sufabaiza ne shi kaɗai. Tun ranar farko aka gaya mana, ƙaramin ma'aikacin da ya taɓa shi ba dalili, ya ajiye katinsa ya kama hanyar gida.

Aikin da muke bugawa a ranar na wata jam'iyya ne. Sun yi zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, sun fito a rabe. Dattawansu suka ga wanda ya ci ba zai kai labari ba sai da mutanen wanda ya zo na biyu, sai aka ba na biyun kujerar mataimaki. Za a yi taron sulhu, matan ɓangarorin biyu su yi anko da atamfa mai hoton mutum biyun.

Mai zanenmu ya jera ɗan takara a sama, mataimaki a ƙasa, yadda ake yi a fosta. Duk waɗanda suka duba suka sa hannu maza ne. Da yadin ya fara wucewa ta gabana, sai na ɗaura shi a zuciyata. Zani ba bango ba ne. Fuskar mataimaki a bakin zani za ta sauka, tana sharar ƙasa. Na ƙwala wa sufabaizanmu, Oga Bitrus, kira, ƙarar inji ta shanye muryata. Na danna maɓallin.

Wurin ya yi tsit. Oga Bitrus ya iso yana haki.

“Sa'adatu, wa ya mutu?”

Kafin in gama bayani manaja ya fito daga ofis, kuma ashe baƙi ne a wurinsa: Alhaji shugaban kwamitin sulhu, mutumin ɗan takara, da Hajiya Talatu, shugabar matan ɓangaren mataimaki. Manaja bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo hannu, na cire katina na ba shi.

Alhaji ya ce, “Yarinya, ke za ki koya mana siyasa?”

Na ce, “Ranku ya daɗe, ban san siyasa ba. Ku bari dai in ɗaura ku gani.”

Oga Bitrus ya yanko yadi biyu ba tare da ya kalli manaja ba. Na ɗaura a kan kayan aikina, na yi taku uku. Dunduniyata ta sauka daidai kan hular mataimaki.

Fuskar Hajiya ta canja. Ta ce, “To, Alhaji, sulhun ke nan? Mu kawo muku ƙuri'a, mu kuma taka namu da ƙafarmu? Wallahi ko mace ɗaya tawa ba za ta shiga filin nan ba.”

Alhaji ya fara rantse-rantse. Hajiya ta ɗaga masa hannu tana kallona. “'Yata, juya.”

Na juya. Sai ta tuntsire da dariya har tana dafa kafaɗar Oga Bitrus.

“Alhaji, zo ka ga naka. Namu takawa za a yi, naku kuwa zama za a yi a kansa.”

Alhaji ya leƙo sau ɗaya ya kau da kai, ya ce, “Subhanallahi.” Daga nan murya ta sauka. Suka tambaye ni yadda za a yi. Na ce a haɗa su kafaɗa da kafaɗa a yadin da za a fitar da riga da ɗankwali, zani kuwa a bar shi da zanen fulawa da kalar jam'iyya. Hajiya ta ƙara da cewa girman hotunan ya zama ɗaya. Alhaji ya amince.

Da za su tafi, Hajiya ta zare katina daga hannun manaja, ta rataya mini da kanta. Har yau manaja bai amsa gaisuwata da fara'a ba.

Abin da na koya: takarda tana iya cika da sa hannu alhali ba wanda ya gwada kayan a jikin mai sawa. Yanzu a sashenmu ba a sakin inji sai mace ta ɗaura samfur, ta yi tafiya, ta zauna. Oga Bitrus ya ajiye kujera ta musamman don wannan, kuma ni ce nake fara zama a kanta.