Mai Kalangu a Bayan Mawaƙi

Shekarar da aka buɗe tashar waƙoƙi ta ƙasarmu, ni na hau rufin gidanmu a unguwar Utaibiyya da ke Makka, na yi ta juya farantin satalayit har ta kamu. Da farko tsofaffin waƙoƙi take sakawa, hoto ba kala. Don Inna na yi, saboda tun rasuwar Baba gidan ya yi mata girma.

Wata Laraba da yamma ta dafe ƙirji. "Ga babanku can! Na bayan mawaƙin, mai kalangu!"

Kafin in juyo, ladan ya kira Magariba. Inna ta danna rimot, allo ya yi baƙi.

"Inna, minti ɗaya!"

"Khalas, magana ta ƙare. A Makka muke. Ba a kiɗa a kan kiran salla."

Ni ban taɓa sanin Baba makaɗi ba ne. Da ya zo Hajji ya ajiye kalangu, ya kama ɗinki, bai sake zancen ba. Hotonsa ɗaya muke da shi, na jikin iƙama, katin zaman Saudiyya, ya tsufa, ya ɗaure fuska. Na so in gan shi da ƙuruciyarsa ko sau ɗaya.

Tashar ba ta da kaya da yawa, duk Laraba sai ta maimaita shirin. Duk Laraba kuma, daidai waƙar da yake ciki, sai ladan ya ɗaga murya. Na ji haushi, na yi magiya har na gaji. Inna ta ce in jira bazara, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba.

Bazarar ta zo tare da aikin Hajji. Makonni ina jan bas tsakanin Arfa da Muzdalifa da masaukan alhazai, barci ma a kan sitiyari.

Na dawo ran Laraba, ƙafafuna a kumbure, da sauran kusan awa guda kafin Magariba. Na saita wayata don ɗaukar shirin. Sai ga sabon tambarin tasha a allo, ga samari na tsalle a kan mota. An sayar da tashar, in ji maƙwabcinmu, tsofaffin kaset kuwa ba wanda ya san inda aka zuba su.

Inna ta daɗe tana kallon samarin nan. Sannan ta miƙo min rimot ɗin.

"Dariya babanku yake yi a wurin," ta ce. "Kai ba ka taɓa ganin haƙoransa ba."